Fashewar kumburin tushen babbar jijiyar zuciya: Alamominsa da yadda ake gyara shi

A tushen babbar jijiyar da ke kwashe jini daga zuciya zuwa sassan jiki, wadda likitoci ke kira awota, akwai wasu ƙananan aljihu guda uku masu ɗauke da sunan Antonio Valsalva, masanin sassan jiki ɗan ƙasar Italiya. Wasu mutane ana haihuwarsu da rauni a bangon ɗaya daga cikin aljihun, galibi na ɓangaren dama. Ƙarfin bugun jini kan yi ta tura wurin shekara da shekaru har ya kumbura.

Lalurar ba ta da yawa, ta fi samun maza da mutanen nahiyar Asiya, kuma sau da yawa takan zo tare da huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciya na ƙasa. Mai ita kan girma ba tare da wata alama ba, har sai kumburin ya fashe, yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40.

Idan ya fashe, jinin kan kwarara ne zuwa ɗakunan zuciya na dama, sai ya yi wa zuciya da huhu yawa. Alamomin sun haɗa da ciwon ƙirji na farat ɗaya, wani lokaci bayan aikin ƙarfi, da ƙarancin numfashi da kumburin ƙafafu. Likita kan ji wata ƙara marar yankewa a ƙirji, sannan hoton zuciya ya tabbatar da matsalar. Idan aka bar ta, zuciya kan gaza cikin 'yan shekaru, wani lokaci ma cikin kwanaki.

Magani shi ne tiyata. Ana haɗa majinyaci da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a yanke kumburin, a toshe hudar da faci, sannan a gyara ko a sauya marfin jijiyar idan yana yoyo. Tun cikin shekarun 1950 aka fara wannan aiki a Amurka, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na majinyata kan tsallake shi. A yanzu wasu ana toshe musu hudar ta bututun da ake zurawa daga jijiyar cinya, ba tare da buɗe ƙirji ba.

Don haka likitoci ke shawartar duk matashin da ya ji ciwon ƙirji na ba-zata tare da haki da ya garzaya asibiti.