Abin da ya sa labarin leƙen asiri na cikin ƙanƙara ke ratsa zuciyar mutumin Funtuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Funtuwa cikin watan Janairu ya san cewa sanyi ba abin wasa ba ne. Da asuba hazo kan rufe gari, direbobin da ke ɗaukar masara daga kasuwar Dandume su kewaye wuta a bakin tasha, manoman rani a Malumfashi su jira rana ta ɗaga kafin su taɓa ruwa. Ke nan mutumin wannan yanki ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane dalilin da ya sa littafin Ice Station Zebra, na marubuci Alistair MacLean, ya shafe sama da shekara 60 ana karanta shi.

An wallafa littafin a 1963, shekara guda bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kusa gwabza yaƙin nukiliya. Labarin ya fara ne da saƙon neman agaji daga wata tashar binciken yanayi ta Birtaniya da aka kafa a kan ƙanƙarar Tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya. Gobara ta cinye tashar, mutane sun mutu, waɗanda suka tsira kuma sanyi na shirin ƙarasa su. Sai aka tura wani jirgin yaƙin Amurka mai tafiya a ƙarƙashin teku, mai suna Dolphin, ɗauke da wani likita Bature, Dokta Carpenter, domin ceto su.

Da isarsu, likitan ya gano cewa wasu daga cikin mamatan harbe su aka yi kafin wuta ta tashi. Gobarar da gangan aka tayar da ita don ɓoye kisan. Tashar ma ba ta binciken yanayi kawai ba ce, kuma abin da ake rububi a kansa shi ne fim ɗin hotunan da wani tauraron ɗan Adam na Sobiyet ya ɗauka na sansanonin makaman Amurka. Mafi tayar da hankali, wanda ya yi kisan yana cikin mutanen da aka ceto.

MacLean bai ƙago wannan duniya daga kansa kawai ba. An haife shi a birnin Glasgow a 1922, ya kuma yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, inda jirginsu ya riƙa rakiyar jiragen kaya ta tekun arewa mai ƙanƙara. Littafinsa na farko, HMS Ulysses, wanda ya fito a 1955, daga wannan wahala ya samo asali. Sannan a watan Agustan 1958 jirgin Amurka Nautilus ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewa, a watan Maris na 1959 kuma jirgin Skate ya fasa ƙanƙarar ya ɓullo a wurin. A watan Afrilun wannan shekara wani ƙunshi da tauraron Amurka Discoverer 2 ya saki ya ɓace a yankin tsibirin Spitsbergen. A 1962 ma hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta sauke mutum biyu da laima a wata tashar ƙanƙara da Sobiyet ta yasar, suka kwashe bayanai, jirgin sama ya fizge su ba tare da ya sauka ba.

Sai dai ba wannan tarihi ne ke hana mai karatu ajiye littafin ba. Aikin da marubucin ya ba sanyi shi ne sirrin. A inda ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da sifili da maki 30, rana kuma ba ta fitowa tsawon watanni, babu mai iya gudu. Sanyi ya zama katanga: ba mai shigowa daga waje, ba mai fita. Saboda haka duk ɓarnar da aka yi, ɗan gida ne ya yi ta. Mai karatu yana zaune da mutane ƙalilan a wuri guda, ana cin abinci tare, ana gaisawa, alhali ɗaya daga cikinsu yana da jinin sauran a hannunsa.

A nan ne labarin ke haɗuwa da rayuwar kudancin Katsina. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma mutanen Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara sun ga ma'anar wannan karin magana da idonsu. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020, maganar masu kai wa 'yan bindiga bayanai ta zama ruwan dare. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi, domin toshe wannan kafa. Ɗan kasuwar da ya sayar da buhunan masara, ya kuma rasa wanda zai amince ya faɗa wa ranar da zai koma gida da kuɗi, ya san halin da mutanen tashar Zebra suke ciki, ko da bai taɓa ganin ƙanƙara ba.

Akwai kuma darasin da ya cancanci a lura da shi. Dokta Carpenter yana zargin kowa, amma bai nuna kowa da yatsa ba sai da ya tara hujja: inda wuta ta fara, wanda ya kwana a wane ɗaki, wanda maganarsa ta saɓa da ta jiya. Ya san cewa idan aka kama marar laifi, an yi zalunci, mai laifin kuma ya sami mafaka. A yankin da kalmar “infoma” kaɗai kan iya jawo wa mutum rasa ransa kafin a yi bincike, wannan haƙuri na likitan ya fi duk wata jarumta da ke cikin littafin daraja.

An mayar da labarin fim a 1968, John Sturges ya ba da umarni, Rock Hudson da Patrick McGoohan suka jagoranci 'yan wasa. Fim ɗin ya sauya abubuwa da dama, har ya ƙare da fito-na-fito tsakanin sojojin Amurka da na Sobiyet a kan ƙanƙara, abin da babu shi a littafin. Ga wanda yake son ya ji yadda zargi ke cin zuciyar mutanen da ƙaddara ta kulle a wuri guda, littafin ya fi. Kuma babu lokacin da ya fi dacewa da karanta shi kamar daren hunturu a Funtuwa, an rufe ƙofa, iska na kaɗa kwanon rufi.