Makaranta ta ce yaro zai kwana a hanya: ka sa hannu ko kuwa?

Mai sauraro, ka ce kana can bakin iyaka da kayanka, ko kana bayan shanu, sai waya ta shigo daga Duwala. Uwargida ce: yaro ya dawo da takarda daga lakwal, ajinsu za su yi tafiyar kwana biyu, ana son sa hannun uba da 'yan kuɗi. Iyaye da yawa a unguwar Hausawa ta New Bell har zuwa Makepe, amsarsu ɗaya ce: "Ba inda za shi."

To, tsaya tukuna. Kai shekararka nawa ran da aka fara tura ka mashekari, ko aka haɗa ka da ayarin masu goro? A can ka koyi riƙe kuɗi, da tashin asuba ba mai tashe ka, da zama da wanda ba ɗan gidanku ba. Yaron da aka haifa a Duwala bai samu wannan ba. Daga gida sai lakwal, sai islamiyya, sai bayan babur.

Kuma akwai abin gani. Ɗauki Fumban, bayan Bafusam. Can ne fadar da Sarki Njoya ya gina a 1917, sarkin da ya ƙirƙiro wa Bamun rubutunsu na kansu, wanda mahaya dawakin Fulanin Banyo suka taimaka masa ya riƙe gadonsa. Yaron da ya tsaya gaban wannan rubutu ba zai sake ɗauka cewa ilimi sai na Bature ba. Ga shi garin cike da Musulmi, sallah da abinci ba matsala. A Kiribi kuma zai ga ruwan Lobe yana zubowa kai tsaye cikin teku. Limbe ta fi kusa, tana da lambun itatuwa tun 1892, amma tana yankin masu Ingilishi inda rikici ya ɓarke tun 2016, don haka sai an tambayi halin hanya a makon tafiyar.

Amma fa ban ce ka sa hannu ido rufe ba. Kira malamin da kanka. Wace mota ce, kuma da rana za a yi tafiyar? In ya ce da dare za a tashi don a rage kuɗin masauki, ka ce a'a. Ka san hanyoyinmu. Malamai nawa ne, yara nawa? Ina za a kwana? Idan 'ya mace ce, dole a samu malama mace da ɗakinsu daban, kuma ka karɓi lambarta. Wanda ya kasa amsa waɗannan, bai shirya ba.

In ka gamsu, kar uwa ta haɗa masa jaka. Shi zai haɗa: sabulu, gidan sauro, darduma, buta. Ba shi kuɗin kashewa a hannunsa, ko jaka biyu ce ta sefa, ka ce in ya dawo zai yi maka lissafi. Ko ya cinye su tun ranar farko a kan tsire, kar ka tura ƙari ta waya.