Daga Magariya zuwa Abzin: kwanakin hutu cikin duwatsu

Mutanen Magariya da Dungas sun san Abzinawa tun kaka da kakanni. Bayan girbi ayarin raƙuma kan sauko da kantun gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi. Amma kaɗan ne suka taɓa ganin duwatsun da ayarin ke fitowa.

Hanya tana da nisa: Damagaram, Tanut, kana Agadas, fiye da kilomita 500. Ba tafiyar gaggawa ba ce. Matafiyi kan yi kwana biyu a Agadas, ya ga hasumiyar babban masallaci, ginin laka mai tsawon mita 27.

Wurin hutu na ainihi shi ne Timiya. Can, tsakanin baƙaƙen duwatsu, raƙumi ke jan ruwa daga rijiya, ana ban ruwan lemu da rumman da inabi. Mai garkar rake a kwarin Korama zai yini yana tambaya. Kudu da garin kuwa dutsen Bagzan ne, mita 2,022.

Tawayen 2007 ya kori baƙin Turai, abincin jagorori da maƙeran azurfa ya ragu ƙwarai. Baƙo ɗan ƙasa zai taimake su, amma wajibi ne ya tambayi hukumomin Agadas halin hanya kafin ya tashi.