Ko Kun Sani? Har Da Leza Ana Iya Ƙera Dutsen Leza

Hasken leza da likitan ido ke amfani da shi ya wanke hazon da kan biyo bayan aikin yanar ido, daga wani dutse mai kama da lu'ulu'u yake fitowa. Sunansa YAG, kuma a ɗakin bincike ake ƙera shi. Shi kaɗai ba ya haske sai an barbaɗa masa sinadarin niyodimiyam, kimanin kashi 1 cikin 100. A Bell Labs da ke Amurka aka fara kunna irin wannan leza a 1964.

Ƙera babban dutsen kan ɗauki makonni, a zafin da ya kusa digiri 2,000. Abin burgewa shi ne dabarar da masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka ƙware a kanta: a harba wata leza kan dunƙulen sinadarin YAG, ya tashi kamar ƙura, ya sauka kan faranti mai zafi, ƙwayoyinsa su jeru sahu-sahu. Shimfiɗar dutsen da ake samu ta haka kan fi gashin kai siranta. Daga nan sai a haska ta da eksire a ga ko jerin ya miƙe, domin tangarɗa kaɗan na iya watsa hasken.