Masu Karanta Alamun Sojojin Jini

Duk wanda ƙurji ya taɓa fito masa ya san kumburi: wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tashi, ya hana barci. Abin da ido bai gani shi ne yadda fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin da ke tsaron jiki, suke jin labari su taru a wurin. (Kada mai karatu ya haɗa su da farin jini, wannan kam ba a auna shi a asibiti.) Nama in ya ji rauni yakan saki wasu sinadarai masu kai saƙo. A bayan kowace ƙwaya kuma akwai 'yan ƙofofi, kowace da irin saƙon da take karɓa. Saƙo na isa, sai soja ya tashi.

To, ƙofofin nan sun yi ƙanƙanta, madubin likita ba ya nuna su. Dabarar gano su ta fito ne daga Kambirij ta Ingila a 1975, a hannun Georges Köhler, Bajamushe, da César Milstein, haifaffen Ajantina. Jiki yana ƙera wani makami da ake kira antibodi, wanda ke manne wa abu guda tak, kamar makulli da kwaɗonsa. Mutanen nan biyu suka ɗebi ƙwayoyi daga saifar ɓeran da aka yi wa allura, suka haɗe su da ƙwayoyin sankara, waɗanda ba sa daina hayayyafa. Abin da ya fito yana zuba antibodi iri ɗaya ba ƙarewa. Aikin ya jawo musu lambar Nobel a 1984.

A ɗakin gwaje-gwaje sai a shafa wa antibodin nan rini mai ƙyalli, a zuba shi cikin jini kaɗan. Duk ƙwayar da ke da ƙofar da ake nema, zai manne mata. Daga nan na'ura ta jera ƙwayoyin su wuce ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken lesa, tana ƙidaya masu walƙiya, dubbai cikin daƙiƙa guda. Da abin ya yawaita, kowane masani yana raɗa wa nasa suna, sai aka yi taro a Paris a 1982 aka daidaita a kan CD da lamba. Yau lambobin sun haura 350.

Wadda ta fi shiga bakin jama'a ita ce CD4, ƙofar da ƙwayar cutar ƙanjamau ke bi ta shiga. Mai lafiya yakan sami 500 zuwa 1,500 na masu wannan alama a ɗigon jinin da ake aunawa. In sun sauka ƙasa da 200, garkuwa ta yi rauni ƙwarai. Akwai kuma CD64. Sojojin da ake kira nutirofil ba su cika nuna ta ba in lafiya lau ake, amma ƙwayar cuta na shiga jini sai ta yawaita cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa masu bincike ke gwada ta a kan jarirai, waɗanda ba su da bakin faɗin inda ke musu ciwo, alhali shuka jini a ga abin da zai tsiro yakan ci kwana biyu ko fiye.

Amma ga wadda ta shafe mu kai tsaye. A 1950 aka gano wata alama a kan jajayen ƙwayoyin jini, aka sa mata suna Duffy. Sai a 1993 aka fahimci ashe ita ma ƙofa ce mai kama saƙonnin kumburi. Galibin mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita a jajayen ƙwayoyinsu, kuma wannan rashi ya yi rana, don ta nan ne nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna bibas ya fi samun shiga. Sai dai masu irin wannan jini sukan nuna nutirofil kaɗan a gwaji, ƙasa da ma'aunin da aka tsara da jinin Turawa, ba tare da wata cuta ba, kuma ba su fi kowa saurin kamuwa ba.

Nan ake yin tuntuɓe. Mutum lafiyarsa ƙalau, takarda ta ce sojojinsa sun yi ƙaranci, hankali ya tashi, a yi ta maimaita gwaji, wani har a jinkirta masa maganin da yake bukata. A ganina 'yan'uwanmu da ke zuwa asibitocin Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa su ne suka fi bukatar sanin wannan. In an ce maka nutirofil ɗinka sun yi ƙasa alhali ba ka jin komai, ba laifi ka tambayi likita ko ya duba batun Duffy. Gwajin na jini ne, kuma da antibodi ake yin sa.