Makin Yaro Da Aikin Kaka

Iyaye da yawa suna tsammani jarrabawar ƙarshen zango ce kaɗai ke ba yaro maki. Amma tun 1977 manufar ilmi ta Nijeriya ta ce a riƙa auna yara a kai a kai. A makarantu da dama, maki 30 ko 40 cikin 100 daga ƙananan gwaje-gwaje da aikin gida suke fitowa.

To, zangon farko yakan faɗo cikin kaka. In ka riƙe ɗanka mako biyu don cirar gyaɗa, gwajin da ya wuce shi sifiri ne, kuma ba laifin malam ba ne. In ya zama dole, je ka shaida wa malam tun da wuri, ka roƙa a sa wa yaron wata rana.