Wa Ke Biyan Kuɗin Digirin Digirgir a Kimiyyar Zamantakewa?

Digirin digirgir a fannonin kimiyyar zamantakewa, irin su nazarin halayyar al'umma da kimiyyar siyasa da tattalin arziki, karatu ne da ke cin shekara uku zuwa shida, kuma da wuya aljihun mutum ɗaya ya iya ɗaukar nauyinsa. Akwai kuɗin makaranta, akwai na ci da haya, sannan akwai na fita tattara bayanai. Na ƙarshen nan aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ƙashin bayan aikin. Mai binciken rikicin manoma da makiyaya, alal misali, sai ya yi watanni yana kai-kawo tsakanin ƙauyuka da rugage, ya biya mota da masauki, ya sallami tafinta da mataimaka, ya dawo ya zauna yana mayar da hirarrakin da ya naɗa zuwa rubutu. Duk tallafin da bai tanadi wannan ba, ko an kira shi cikakke, da sauransa.

Yadda ake biyan kuɗin ya danganta da ƙasa. A Holan da Suwidin da Norwe, mai wannan karatu galibi ma'aikacin jami'a ne: ana tallata gurbin kamar kowane aiki, a gana da masu nema, wanda aka ɗauka ya sa hannu a yarjejeniya ya riƙa karɓar albashi. Sau da yawa farfesan da ya samo kuɗin ya riga ya tsayar da abin da za a bincika, don haka mai nema zai shiga aikin wani ne. Jamus na da irin waɗannan gurabe, ga kuma hukumar DAAD mai ba 'yan ƙasashen waje tallafi, har da wanda ake yin karatunsa a jami'o'in Afirka. A Amurka karatun ya fi tsawo, domin shekaru biyun farko na shiga aji ne. Sashen da ya ɗauki ɗalibi kan yafe masa kuɗin makaranta ya ba shi alawus, shi kuma ya taimaka da koyarwa ko bincike.

A Birtaniya, hukumar ESRC ce babbar mai ɗaukar nauyin irin wannan karatu, ta hannun gamayyar jami'o'i. Tun daga shekarar karatu ta 2021 aka buɗe wa 'yan waje ƙofa, amma ba su wuce kashi 30 cikin 100 na guraben. Mafi ƙarancin alawus a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 fam 19,237 ne. Sai dai akwai wani tarko: kuɗin makaranta irin na ɗan ƙasa kaɗai hukumar take biya, na baƙo kuwa ya ninka wannan. Wasu jami'o'in na yafe cikon, wasu ba sa yi, kuma wajibi ne mai nema ya tambaya tun kafin ya fara murna. Akwai kuma tallafin ƙasashe renon Ingila, wanda ya samo asali a 1959. Wani reshensa yana ba wanda ya riga ya yi rajista a jami'ar gida damar yin wata 12 a Birtaniya, ya dawo ya kammala a inda ya fara.

A Najeriya, asusun TETFund, mai samun kuɗinsa daga harajin da kamfanoni ke biya, shi ke tura malaman manyan makarantun gwamnati ƙaro ilimi. Ta hannun makarantar da mutum ke aiki ake nema, da sharaɗin ya dawo ya yi mata hidima. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje, saboda tsadar canji da kuma ƙin dawowar wasu da aka tura. Wannan ya ƙara wa tallafin cikin nahiyar Afirka daraja. Cibiyar CODESRIA da ke Dakar, wadda aka kafa a 1973, ta daɗe tana ba da ƙananan tallafi na rubuta kundi, kuma tana aiki da Turanci da Faransanci, abin da ya sa 'yan Nijar da Chadi da Kamaru ke iya cin gajiyarta. Masu nazarin tattalin arziki kuwa suna da AERC ta Nairobi, mai shirin haɗin gwiwa da jami'o'i irin su ta Ibadan.

Duk inda aka nufa, daftarin bincike ne ke raba gardama. Masu tantancewa sun gaji da ganin take mai faɗi irin "matsalar almajiranci a Arewa". Abin da ke tsayar da idonsu shi ne tambaya ƙarama mai kaifi: a wane gari, tsakanin waɗanne mutane, da wace hanya za a samo amsa, kuma me waɗanda suka riga suka yi rubutu a kai suka bari ba su taɓa ba. Wanda ya tashi a wurin, yana jin harshen mutanen, yana da fifikon da baƙo ba shi da shi, amma sai ya nuna hakan a rubuce. Ana kuma son ya samu malamin da zai duba aikin tun kafin ya miƙa takardu, ta hanyar gajeriyar wasiƙa da ke nuna ya karanta aikin malamin.

Yawancin guraben Birtaniya da Amurka suna rufewa ne tsakanin Oktoba da Janairu, don karatun da zai fara a Agusta ko Satumba ko Oktoba mai zuwa. Takardar sakamako daga tsohuwar jami'a da wasiƙun shaida na malamai kan ɗauki lokaci kafin su fito, don haka mai niyya ya fara shiri shekara guda kafin nan. Duk wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi zai samar da gurbin tallafi, ɗan damfara ne.